Maganin Taɓin Hankali Amana Ne a Hannun Mai Jinya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kuma girmama shi da hankali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata jinya ce da ake yin ta a bayan labule. Idan ɗan mutum ya karye, 'yan dubiya har sai an gaji da shimfiɗa musu tabarma. Amma idan hankalinsa ne ya taɓu, sai a ja ƙofa, a ce wa maƙwabta ya yi tafiya. Wa ake bari da shi a ɗaki? Uwa, ko mata, ko yaya, ko kishiyar uwa mai tsoron Allah. Ita ce mai riƙe da katin asibiti, ita ce mai ƙirga ƙwayoyi, ita ce kuma ake tambaya idan abu ya lalace. Daga cikin garin Dutse har Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu da ƙauyukan da ke tsakani, da wuya ki sami unguwar da babu irin wannan baiwar Allah.

Saboda ita na shirya wannan darasi. Ba zai maye gurbin likita ba. Manufarsa ki san abin da ke hannunki, ki san abin da za ki yi haƙuri da shi, da abin da za ki koma wa likita da shi, da kuma abin da ba ya jiran gari ya waye.

Wane irin ciwo ake nufi?

Larurar ƙwaƙwalwa iri-iri ce, kowace kuma da maganinta. Wadda muke magana a kai ita ce wadda ke raba mutum da fahimtar abin da yake zahiri. Za ki ga yana jin muryoyi alhali babu mai magana, ko ya ƙudurce cewa ana sa masa guba a abinci, ko ana bin sa a kashe shi, kuma duk hujjar da kika kawo ba ta shigarsa. Wani zancensa ne ke warwatsewa. Wani kuma shiru zai yi, ya daina wanka, ya daina fita. Likitoci suna kiran mafi nacin wannan ciwo sikizofireniya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 300 a duniya yana ɗauke da shi. Akwai kuma ciwon da ke ɗaga mutum sama, ya kwana bai runtsa ba yana surutu da rabon kayansa, bayan wani lokaci ya sauke shi cikin baƙin ciki mai tsanani. Akwai wanda ke kama mai jego. Akwai kuma wanda shaye-shaye ke tayarwa, musamman wiwi da zaƙami da ƙwayoyin maye.

Ba sabon abu ba ne a wajen Musulmi a kai irin waɗannan marasa lafiya asibiti. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. Malamai kuma sun lissafa hankali cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta kare, tare da addini, rai, zuriya da dukiya, Sunna kuma ta tabbatar da umarnin neman magani. Don haka babu gaba tsakanin addu'a da ƙwaya. Ki yi masa tofi, ki karanta masa Alƙur'ani, ki ba shi maganinsa a kan lokaci. Inda matsala take shi ne mai ruƙiyyar da zai ce sai an ajiye maganin asibiti kafin ya fara aiki, ko wanda zai ɗauko bulala ko mari. Duk wanda ya gindaya miki wannan sharaɗi, ki ɗauki majinyacinki ki yi gaba. Mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki.

Yadda maganin yake aiki

An fara amfani da maganin farko na wannan ciwo a birnin Faris na ƙasar Faransa a 1952, shi ne wanda tsofaffin ma'aikatan asibiti suka fi sani da Largactil. A 1958 aka samar da Haldol a Beljiyam. Waɗannan da Stelazine su ne tsofaffin magunguna, har yau kuma ana ba da su, sun fi sauƙin kuɗi. A shekarun 1990 aka fito da sababbi irin su risferidon da olanzafin. Akwai kuma na allura, kamar Modecate, wadda ake yi bayan 'yan makonni, ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya.

A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. A lokacin da ciwon ya tashi, saƙon yakan yi yawa a wasu sassa, sai abin da ba komai ba ya zama babban al'amari a wajen majinyaci: kallon maƙwabci ya zama makirci, tarin wani ya zama habaici. Maganin yana rage ƙarfin wannan saƙo ne. Ki lura da kalmar, ragewa yake yi, kamar yadda maganin hawan jini ke danne jini muddin ana sha.

Sannan ba ya aiki dare ɗaya. Barci da natsuwa sukan zo cikin 'yan kwanaki, amma muryoyi da zarge-zarge sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin su lafa sosai. Kada ki ce magani bai karɓe shi ba don kwana biyar sun wuce yana nan yana magana shi kaɗai. Kada kuma ki ƙara masa ƙwaya don kina so ya yi saurin dawowa.

Babban ramin da ake faɗawa

'Yan uwa, in da abu ɗaya za ku riƙe daga wannan darasi, to ga shi: samun sauƙi daban, sallama daga likita daban. Ga yadda abin yake faruwa a gidaje da yawa. An kai yaro asibiti, an ba shi magani. Bayan wata uku ya dawo hayyacinsa, yana zuwa masallaci, har ya koma gona ko shago. Sai kawu ya ce, "To ai ya warke, shan ƙwayar na mene ne kuma? Kada ta zame masa jiki." Sai a ajiye. Mako ɗaya lafiya, wata ɗaya lafiya, har ma ya fi walwala tun da nauyin jiki ya sake shi. Kowa ya ce kun gani, da ma maganin ne ke kashe masa jiki. Sai a wata na uku ko na biyar barci ya fara ƙaura, ya fara tsarguwa, kafin a farga an koma gidan jiya. Saboda tazarar da ke tsakani, ba mai danganta dawowar ciwon da ajiye maganin. Sai a ce sammu aka sabunta.

An auna wannan abu. Wani babban nazari da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2012 ya tattara gwaje-gwaje 65 na masu sikizofireniya da suka sami sauƙi. A cikin shekara ɗaya, ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba da magani, amma ya dawo wa kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka cire musu shi. Kowace dawowa kuma tana tafiya da wani abu: karatu, ko aiki, ko aure, ko mutunci a idon unguwa. Wani lokaci adadin da ya yi aiki a karon farko ba ya isa a karo na biyu.

Shi ya sa likitoci sukan so a ci gaba da sha aƙalla shekara ɗaya bayan alamomi sun ɓace, in karon farko ne. Wanda ciwon ya sha dawo masa kuwa zai daɗe fiye da haka, wani ma tsawon rayuwa, kamar mai ciwon suga. Idan lokacin dainawa ya yi, likita ne zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin watanni yana lura. Waɗannan magunguna ba sa cikin masu sa maye da kwaɗayin ƙari, amma yanke su farat ɗaya yakan kawo rashin barci, tashin zuciya da rashin natsuwa, ban da haɗarin dawowar ciwon.

Idan an manta ba a sha ba, aka tuna bayan 'yan awoyi, a sha. Idan lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda ya wuce. Ba a haɗa biyu don ramuwa. Abin da ya fi taimakawa shi ne a ɗaura shan maganin a kan abin da ba ya tashi, misali bayan sallar isha'i, kuma mutum ɗaya ya zama shi ke bayarwa, don kada uwa ta bayar yaya ma ta bayar.

Abubuwan da maganin kan haifar

Ba a ɓoye gaskiya: maganin yana da nasa wahalhalu, su ne ma suka fi sa mutane su gudu. Sai dai kusan kowace wahala tana da mafita a wajen likita, ko ya rage adadi, ko ya canja lokaci, ko ya canja maganin gaba ɗaya. Mu kasa su uku.

Kashi na farko, waɗanda ake lallaɓawa a gida. Yawan barci da kasala, musamman a makonnin farko. Jiri idan an miƙe da sauri. A koya masa ya fara zama a bakin gado kafin ya tashi. Bushewar baki da taurin bayan gida. A yawaita ruwa, da ganye irin su zogale da rama, da 'ya'yan itace. Largactil yakan sa fata ta ƙi jurar rana, sai a rufe jiki in za a fita. Muddin barcin bai sake shi ba, kada ya hau babur, kada ya ja ruwa a rijiya shi kaɗai, mace kuma kada a bar ta da wuta ita kaɗai. Idan nauyin barci na sa ana makara sallar asuba, a gaya wa likita, sau da yawa gyaran lokacin sha kawai ake buƙata.

Kashi na biyu, waɗanda ake komawa asibiti da su ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba. Karkarwar hannu, taurin jiki, tafiya da jan ƙafa, dalalar miyau. Ko rashin iya zama wuri ɗaya, ki ga yana ta safa da marwa, ƙafafunsa sun ƙi tsayawa. Wannan yana da azaba ƙwarai, kuma sau da yawa ana ɗauka ciwon ne ya ƙaru, a ƙara magani, abin ya daɗa muni. Sai ƙiba da yawan ci, musamman da olanzafin, wanda kan iya kaiwa ga ciwon suga. A riƙa auna nauyi da jini da suga lokaci-lokaci, a rage lemon kwalba da yawan sukari a koko da shayi. Sai kuma wanda ke zuwa bayan watanni ko shekaru: baki ya riƙa motsi kamar ana tauna, ko harshe ya riƙa leƙowa ba da son mai shi ba. Wannan a kai shi da wuri, don in ya daɗe yakan ƙi tafiya.

Kashi na uku, na gaggawa. A nan nake so ku tattara hankalinku, domin a nan ake yawan sauya wa abu suna. A kwanakin farko na fara magani ko ƙara shi, musamman Haldol, kuma musamman ga matasa, wuya kan iya murɗewa gefe guda, idanu su kafe sama, harshe ya fito, haƙora su datse. Duk wadda ta ga wannan, abin da zai fara zo mata shi ne aljanu sun tashi. Sai a kira mai ruƙiyya, a yi ta hayaƙi, bawan Allah yana cikin azaba, yana jin duk abin da ake faɗa amma bakinsa ya ƙi. Alhali jijiyoyin nama ne suka ɗaure saboda maganin, kuma akwai allurar da ke sake su cikin ɗan lokaci kaɗan. Ki yi addu'arki a kan hanya, amma ki nufi asibiti da kwalin maganin a hannu. Idan numfashi ko haɗiya ya fara wuya, to ko minti ɗaya kada a ƙara.

Na biyu ya fi wannan haɗari, ko da yake ba kasafai yake faruwa ba: zazzaɓi mai zafi sosai, jiki ya sandare kamar itace, gumi yana zuba, mutum ya rikice bai san inda yake ba. A wajenmu za a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, a tsaya sayen magani a kemis. Wannan yana kisa. A nan ne kaɗai za ki dakatar da ƙwaya ta gaba da kanki, ki garzaya asibiti, kuma kalmar farko da za ki faɗa wa ma'aikaci ita ce sunan maganin da yake sha. Haka nan suma, jijjiga, bugun zuciya mai tsanani, ko shan ƙwayoyi da yawa a lokaci ɗaya. Idan kuma majinyaci ya fara zancen kashe kansa ko cutar da wani, kada a ce wasa yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Abin da ya keɓanci mata

Wasu daga cikin magungunan, musamman risferidon da Haldol, suna ɗaga sinadarin da ke kawo ruwan nono. Sai al'ada ta rikice ko ta ɗauke, nono ya riƙa kawo ruwa. Ku duba irin fitinar da wannan zai iya jawowa budurwa ko bazawara a gidan da ba a san da haka ba. Kafin a zargi yarinya a zubar mata da mutunci, a tuna da maganin da take sha, a je a gwada. Matar aure kuma ta sani cewa ɗaukewar al'adar ba ta hana shigar ciki. Wadda take cikin idda al'adarta ta tsaya saboda magani, ta kai wa malami tambaya tare da bayanin likita.

Mai shan magani da ke son haihuwa ta shaida wa likita tun kafin cikin ya shiga. Idan kuma ya riga ya shiga, kada ta yanke magani don tsoron abin da ke cikinta, ta je a duba wanda ya fi dacewa. Ciwon da ya tashi a kan mai ciki, ta daina ci, ta daina zuwa awo, shi ma haɗari ne ga jaririn. Akwai dai wani magani da ake haɗawa da waɗannan a wasu lokuta, wanda aka fi sani da Epilim, da ke iya nakasa jariri a ciki. Duk macen da ke shekarun haihuwa aka rubuta mata shi, ta tambayi likita a kai. A haihu a asibiti, a kuma gaya wa ungozoma abin da ake sha. Shayarwa ma tana yiwuwa da wasu magungunan, likita ne zai zaɓa.

Taɓin hankalin jego yakan sami mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu, galibi cikin mako biyun farko. Mai jego ta kasa barci ko da jariri ya yi, ta riƙa sambatu, ta ƙi ɗanta ko ta ce ba nata ba ne. Kada a jira a yi suna, balle arba'in. A sa mata ido ita da jaririn, a kai ta asibiti. Albishir shi ne yawancinsu suna warkewa sarai. Wadda ta taɓa yi kuwa, ta faɗa tun a wajen awo, domin yana iya dawowa a haihuwa ta gaba. Masu yi mata wankan jego su sani cewa ruwa mai tsananin zafi tare da maganin da ke saukar da jini yana iya sa ta yanke jiki ta faɗi. A sassauta zafin, kuma kada a bar ta ita kaɗai a makewayi.

Sai maganar aure. Sau nawa ake ɓoye wa ango, amarya ta ji kunyar shiga ɗaki da ƙwayoyi, uwa ta ce bar su a nan? Ga hidimar biki, ga rashin barci, ga baƙon wuri, ga babu magani. Wata biyu ba su cika ba a dawo da ita da takarda. Malaman fiƙihu sun ambaci taɓin hankali cikin larurorin da ɓoye su ke ba ɗayan ma'aurata zaɓi. Gara a zauna da manya tun kafin a sa rana, a yi bayani, in da hali a je wajen likita tare. Namijin da ya karɓe ta da sani shi ne zai riƙa tuna mata lokacin sha. Haka ma idan ango ne mai larurar, haƙƙin amarya ne ta sani.

Azumi da lokacin zafi

Tun a watan Sha'aban ake zuwa a tambayi likita. Da yawa daga cikin magungunan sau ɗaya ake sha da dare, ba su shiga hurumin azumi ba. Wanda ake sha sau biyu, likita na iya mayar da shi buɗa-baki da sahur. Kada ki yi wannan canji da kanki. Allurar da ake yi a tsoka kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tafi a kan cewa allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, don haka kada a ɗage ranar allura saboda Ramadan. Idan likita amintacce ya ce azumi zai tayar da ciwon, to mara lafiya yana da rangwame, ya sha ya rama. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda hankalinsa ya gushe ba ya rama sallolin da lokacinsu ya fita yana cikin wannan hali, amma yana rama azumi idan ya warke. A kula da barci ma: raba dare ana hira har sahur yana daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

Kun san zafin Jigawa daga Maris zuwa Mayu, yadda yakan haura digiri 40. Waɗannan magunguna suna rage wa jiki iya sanyaya kansa. A ajiye masa ruwa kusa, a hana shi aikin rana tsaka, ɗakin kwanansa kuma ya zama mai iska.

Saye da ajiya

A sayi magani a asibiti ko babban kantin magani mai rajista, da takardar likita, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ban da na tire da na bayan mota ranar kasuwa. A koma karɓo sabo tun saura na mako ɗaya, musamman da damina da hanya kan yanke. Idan kuɗi ne matsala, ki faɗa wa likita ƙarara, babu kunya a ciki. Yana iya komawa mai araha. Wannan ya fi a riƙa raba ƙwaya biyu ko tsallake kwana a ɓoye. 'Yan uwa masu hali da ƙungiyoyinmu na unguwa, ga wajen sadaka da ba a cika tunawa da shi ba.

A kulle magani inda yara ba sa kai hannu, nesa da rana da zafin murhu. Ba a ba wa maƙwabciya don ta ce ba ta samun barci. Akwai wata ƙwaya, Artane ko Exol, da likita kan haɗa don rage karkarwa da taurin jiki. Matasa masu shaye-shaye suna nemanta ido rufe, don haka ki riƙa ƙirga ta. Duk inda aka je neman wani magani, ko na zazzaɓi ne ko na amai ko na tari, a faɗi wanda ake sha, domin wasu ba sa haɗuwa. Jiƙe-jiƙe da garin magani da ba a san abin da ke ciki ba, a nuna wa likita tukuna. Idan majinyaci ya ƙi sha, kada a fara da duka ko zuba masa a abinci a ɓoye; ranar da ya gane, zargin da yake yi ya tabbata a wajensa, har abincin ma ya daina ci. A tambaye shi dalili, sau da yawa wata wahala ce maganin ke ba shi. A kai maganar asibiti, a tattauna batun allura.

Ina za a dosa?

A fara da asibiti mafi kusa. A Dutse akwai Babban Asibiti da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, a Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Idan abin ya fi ƙarfin inda aka je, za su tura gaba. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, a Kano kuma akwai na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki tanadi ɗan littafi ki riƙa rubuta sunan magani, adadi, ranar allura, yadda barci yake da duk abin da kika lura da shi, ko da ajami ne. Likita minti kaɗan yake ganin majinyaci, ke ce kike kwana da shi.

A watan Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙin a kula da shi cikin mutunci ba tare da wariya ba. Tun kafin nan, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda majinyaci ke zama a cikin ƙauye tare da wani ɗan uwansa yana karɓar magani, maimakon a kulle shi. Duniya ta yaba da tsarin, domin ya nuna cewa magani ya fi aiki idan akwai dangi a kusa. Don haka a daina kiransa da sunan da ke ƙona rai, a ci abinci da shi, a ba shi ɗan aikin da zai iya, a nemi shawararsa a kan jinyarsa.

Ke kuma mai jinya, jikinki yana da haƙƙi a kanki. Ki nemi mai karɓarki ko na yini ɗaya ne a mako. Maza su sani cewa kuɗin magani da na mota da rakiya asibiti suna cikin nauyin da Allah Ya ɗora musu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, Ya kare mana hankulanmu da imaninmu. Mai karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.